Lurwanu Mai Faci da Rim ɗin Alhaji Hudu

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba zan ambata ba, don in na ambata yanzu wani zai miƙe ya ce ai garin kakarsa ne, a bar karatu a koma gardama. An daɗe da yin abin, tun lokacin da motocin nan masu ƙyalli suka fara shigowa. Sunansa Lurwanu, sana'arsa faci. Eh, facin da kuka sani: taya ta sace, a kawo masa, ya liƙe, ya ba ta iska. 'Yan baya, ku matso ku saurara, babu inda za ku kafin magariba.

Lurwanu gajere ne, ba shi da yawan magana, hannuwansa kuwa ko ranar idi ba sa fita fes. Wurin aikinsa gindin wata darbejiya ce a jikin katangar wani babban shagon hatsi. Abin da ya mallaka a duniya yana nan gindin itacen: injin iska, jak, sifana, ƙarafan ɓamɓare taya, da rabin duro cike da ruwa inda yake tsoma taya ya ga inda take kumfa. Shekara goma sha tara yana wurin, ba haya, ba takarda. Mahaifin mai shagon ne, Allah ya ji ƙansa, ya ce masa wata rana, "Zauna nan ka nemi abincinka," shi kuma ya zauna. Daga gindin darbejiyar nan matarsa da 'ya'yansa biyar suke ci.

To, kun san abin da ake faɗa a kan masu faci. Kar ku yi mini shiru kamar ba ku sani ba, da bakinku kuke faɗa. Wai su ke watsa ƙusa a hanya. Wai in sun liƙe huda ɗaya sai sun buɗe wata. Akwai masu yi, ban ce babu ba. Amma a shekara goma sha tara ba a taɓa kama Lurwanu da ko ɗaya ba, kuma duk da haka in mutum ya kawo masa taya sai ya tsaya a kansa yana leƙen hannunsa. Shi dai ya saba, ba ya ɗaga kai.

Mai shagon a lokacin, ɗan wancan marigayi, sunansa Alhaji Hudu. Ku fahimce ni, Alhaji Hudu ba mugu ba ne. Sahun farko yake sallah, yana fitar da zakka, yana tsoron mahaifiyarsa. Ciwonsa ɗaya ne, zargi. In ka gaishe shi da fara'a, ya ce me wannan yake nema. In ka wuce ba ka gaishe shi ba, ya ce me aka ƙulla. Buhun da aka sauke a gabansa sai ya soke shi wuri uku. Da Allah ya hore masa mota ma ƙin ɗaukar direba ya yi, wai direbobi suna zuƙe mai, ya gwammace ya koyi tuƙi da furfurarsa.

Motar kuwa ta isa a kalla. Abin da ya fi ɗaukar ido a jikinta ƙafafun ne. Kun san ƙarfen da taya take zama a kansa, wanda ake ce wa rim. Na motocin zamanin da baƙi ne, ƙarfe zalla, in ya bugu sai ya lanƙwashe, a daddoke shi da guduma ya dawo. Na motar Alhaji fari ne mai walƙiya, irin wanda masu mota ke kira aloyi. Shi wannan ga kyau, ga rashin nauyi, amma ba ya jure duka, in ya bugu sosai tsagewa yake yi. Tayoyin kuma ba su da tub a ciki, iskar tsakanin roba da ƙarfe take zaune. Ku riƙe wannan, don a nan maganar take.

Bai yi wata guda da motar ba, ran nan da hantsi ya fito daga shago ya tarar tayar baya ta hagu ta kwanta. Lurwanu ya kwance ta, ya tsoma a ruwa, ya juya, ya juya, ya shafa ko'ina da tafin hannu. Ya ɗago ya ce, "Alhaji, ban ga ƙusa ba, ban ga huda ba. Na ba ta iska, a lura da ita."

Wani zai ji wannan ya ce madalla da mai gaskiya. Alhaji Hudu abin da ya ji daban. Ya ce a ransa, mai faci ya ce bai ga faci ba? Akwai magana.

Kwana uku, taya ta sake kwanciya. Aka sake tsomawa, ba a ga komai ba. Lurwanu ya canja bawul, wato ɗan bakin da ake ba da iska, ko shi ne. A nan fa Alhaji ya fara lissafi. A ina motar take wuni? A jikin katanga. Wa yake zaune kusa da ita tun safe har yamma? Lurwanu. Wa yake da ƙaramin ƙarfen da ake sassauta bawul? Lurwanu. Wa zai amfana in taya tana sacewa? To, kun ga yadda shaiɗan yake jera wa mutum hujjoji, kowacce kamar gaskiya.

Sai ya yi wata dabara. Ya tauna goro, ya ɗiga jan a kan murfin bawul ɗin, daidai inda ya haɗu da ƙarfe, yadda in an murɗa zai gane. Ya ja kujerarsa bakin taga, yana awo yana leƙe, har masu sayen gero suka fara tambaya ko lafiya. Kwana uku suka cika, taya ta kwanta. Ya sunkuya ya duba, jan goro yana nan daram, ba a taɓa shi ba. Ku gaya mini, jama'a, me ya kamata mai hankali ya ce? Ya ce astagfirullah, na zargi bawan Allah a banza. Shi fa? Cewa ya yi, "Lallai mutumin nan ya ƙware. Ya murɗa ya mayar daidai." Wallahi abin nan yana ba ni haushi duk lokacin da na zo wurin. In zargi ya kama mutum, abin da ya kamata ya wanke ka shi ne zai ƙara ɗaure ka.

A karo na uku Lurwanu bai tsoma tayar a duro ba. Ya ba ta iska sosai, ya kifa ta a ƙasa, cikin rim ɗin yana kallon sama, ɓangaren da ba a gani in tana jikin mota. Ya kaɗa ruwan sabulu ya zuba a kan ƙarfen, ya tsuguna. Ya zuba wa wurin ido. Can sai ga wasu 'yan ƙananan kumfa suna tasowa a jere, ba daga roba ba, daga jikin ƙarfen. Ya share, ya sake zubawa, suka sake tasowa a wuri guda. Ya goge da tsumma ya kai ido kusa, ya ga tsaga siririya kamar gashi, tsawon ɗan yatsa.

Ya je bakin shago ya yi sallama. "Alhaji, na gano. Tayarka lafiya lau take. Rim ɗin ne ya tsage ta ciki. Don Allah zo ka gani."

Alhaji ya fito, ya tattare riga, ya leƙa daga tsaye. Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Ƙarfe ne yake sace iska? Lurwanu, ni za ka yi wa wayo? Sabulu ko a tafin hannuna ka zuba ai zai yi kumfa."

"Ranka ya daɗe, ga tsagar nan, sa farce ka ji."

"Ƙarzane ne. Wane mai sayar da rim ne ya ce zai ba ka la'ada?"

"Ba kowa, Alhaji. Ka saya inda ka ga dama, ko a wani gari. Ni dai kar ka hau babbar hanya da wannan."

"In ma tsagewar ce, wa ya tsaga? Sau uku yana shiga hannunka. Ga guduma can a ajiye."

"Ban taɓa sa masa guduma ba. Ban ma taɓa raba shi da tayar ba."

Kun ji fa. A zama ɗaya an ce babu tsaga, an ce akwai amma don la'ada ya faɗa, an ce akwai kuma shi ya yi. Uku ɗin nan ba sa haɗuwa, amma mai zargi bai damu su haɗu ba. Alhaji ya nuna shi da yatsa a gaban mutane ya ce, "Ran Asabar zan kai Inna da yara suna gidan ƙanwata, tafiyar awa huɗu. Na ba ka zuwa la'asar. Ko ka yi abin da tayar nan za ta daina sacewa, ko ka kwashe tarkacenka daga jikin katangata. Ubana ne ya ajiye ka, ba ni ba."

Akwai wani mai shayi a gefe, Ɗanliti, sa'an Lurwanu ne, tare suka tsufa a bakin titin nan. Da Alhaji ya shige sai ya matso, ya rage murya. "Kai Lurwanu, kana da hankali kuwa? Sa masa tub a ciki mana. Ka zura tub, ka ba shi iska, shi ke nan, ba za ta ƙara sacewa ba. Ka ɗauko tsohuwar ƙusa ka nuna masa ka ce ga ta, ta ɓuya ne. Ya ji daɗi, ka zauna lafiya. Wa ba ya yin haka?"

Ku saurara da kyau, don jarrabawar ke nan. Maganar Ɗanliti gaskiya ce ta fuskar aiki. In aka sa tub, iska tana cikin tub, ba ruwanta da tsagar ƙarfe. Taya za ta tsaya ƙyam. Alhaji zai daina zargi, wurin zama ya tsira, suna ya tsira. Aikin minti ashirin ne, kuma tub ɗin yana rataye a reshen darbejiya, sabo. Ƙarya ce za ta wanke shi, gaskiya kuma ita za ta kore shi. Malam Hashimu, na ga kana gyaɗa kai, kai da me za ka yi? Kar ka amsa, riƙe a ranka.

Lurwanu ya dubi tub ɗin, ya daɗe yana dubansa, don shi ma mutum ne, yana da 'ya'ya. Sannan ya ce, "Ɗanliti, tub zai tsare iska, ba zai tsare ƙarfe ba. Tsagar nan tafiya za ta yi ta yi. Ran da ta kai ƙarshe a kan gudu, ba sacewa za ta yi ba, tarwatsewa za ta yi. Yanzu sacewar nan ita kaɗai ke gaya masa akwai matsala. In na sa tub na rufe mata baki."

"To ina ruwanka? Ka faɗa masa, ya ƙi ji."

"Tsohuwa zai ɗauka, da yara. Su ba su ƙi ji ba, ba wanda ya gaya musu."

Da la'asar ya koma ya ce, "Alhaji, ba zan iya ba. Ka bari in ɗaura maka safeya, tayar ajiyar da ke bayan motar, ita rim ɗinta baƙin ƙarfe ne, lafiyayye." Alhaji ya ce ba zai shiga taron suna da ƙafa uku farare ɗaya baƙa ba kamar motar haya, kuma ya riga ya gama magana. Aka kira mai kura. Lurwanu ya zubar da ruwan duronsa, ya ɗora inji, ya ɗora ƙarafa. Mutanen da ya yi wa aiki shekara da shekaru suna tsaye suna kallo, ba wanda ya ce a yi haƙuri. Kowa yana cewa a ransa, Alhaji ba zai kore shi haka kawai ba.

Alhaji ya kai tayar wurin wani mai faci a bakin tasha. Wannan bai ɓata lokaci ba, ya zura tub, ya ba ta iska, ya ce an gama. Kwana ɗaya, kwana biyu, kwana uku, taya tana tsaye. Wayyo! Nan fa gari ya ɗauka. Alhaji da kansa yake tsayar da mutane yana buga tayar da ƙafa. "Kun gani? Tun da na kore shi ko numfashi ba ta yi ba." Daga shago magana ta shiga tasha, daga tasha direbobi suka kwashe ta zuwa ƙauyuka. Wanda tayarsa ta taɓa sacewa shekara biyar baya sai ya tuna ashe a kusa da darbejiya ne.

Lurwanu ya kafa injinsa a ƙofar gidansa, cikin lungu, inda ko keke ba ya bi. Kwana uku ba wanda ya kawo masa ko tayar baro. Amma ba wannan ne ya fi ƙona masa rai ba. Matarsa Hansai, mace mai haƙuri, ta je ɗibar ruwa ta ji abin da mata ke faɗa. Ta dawo ta ajiye bokiti, ta ce, "Malam, tsakaninka da Allah, ba ka taɓa tayar nan ba?" Ya dube ta kawai. Ita ma da ta ga idonsa sai ta fashe da kuka tana neman gafara. Ya ce ba komai, amma abincin ranar bai ci ba.

To, ga mutum an kore shi, an ɓata masa suna, an shiga tsakaninsa da matarsa. Da ni ne, ina gaya muku gaskiya, zama zan yi in ce Allah ya kai mu Asabar, kowa ya ga abin da zai gani. Kar ku dube ni haka, ku ma abin da za ku ce ke nan. Shi bawan Allah nan, Asabar da safe, rana ta ɗan ɗaga, ya saɓa jak a kafaɗa, ya riƙe sifana da ƙarafansa, ya nufi gidan Alhaji Hudu da ƙafa.

Ya tarar an gama loda kaya. Yara uku sun shiga. Mahaifiyar Alhaji, Inna Kuluwa, tsohuwa ce da idonta ya yi rauni, an zaunar da ita a baya ta hagu, daidai kan ƙafar nan. Alhaji yana ganinsa da ƙarafa ya daka tsawa. "Me ya kawo ka? Ka zo ka ƙarasa abin da ka fara? Ku riƙe mini shi, kar ya kusanci motar nan!"

Lurwanu ya tsaya inda yake. Ya ajiye kayan a ƙasa, ya durƙusa daga nesa, saitin tagar tsohuwar, ya ce, "Iya, ina kwana. Ni ne Lurwanu mai faci."

"Lurwanu na gindin darbejiya? Wanda marigayi maigidana ya zaunar? Lafiya?"

"Iya, ƙarfen ƙafar da kike zaune a kai ya tsage. Na faɗa wa Alhaji bai yarda ba. Ba wuri na zo roƙo ba. A bari in cire tayar a gaban kowa, a duba. In ƙarya nake, yau zan bar garin nan da iyalina."

Alhaji ya ce, "Inna, kar ki saurare shi, makirci ne. So yake ya sa hannu ya lalata, ya ce da ma ya faɗa."

Ita kuwa ba ta kiran sunansa, don ɗan fari ne. Ta ce, "Kai wannan, mutum ya tako da ƙafarsa gidan da aka wulaƙanta shi, ya sa zamansa a gari a kan magana. Buɗe mini ƙofa in sauka. A cire."

Ba yadda ya iya. Amma ku ji zargi, sai da ya kafa sharaɗi: ba guduma, kuma shi zai tsaya a kai. Lurwanu ya ce to. Ya ɗaga mota, ya kwance ƙafar, ya sace iskar, ya bi gefen robar da diddige da ƙarfe a hankali, gumi yana zuba, Alhaji yana sunkuye a kansa yana bin kowane motsi na yatsunsa. Maƙwabta suka taru. Aka zaro tub, aka raba taya da rim, aka kifa shi a kan tabarma. Tsagar da take tsawon yatsa ran Talatar da ya gano ta, yanzu ta kusa taƙi guda, ta nufi gindin ɗaya daga cikin sandunan da ke tsakiyar rim ɗin.

Alhaji ya duba, ya ce, "Zai iya zama ƙarzane."

Tsohuwa ta ce, "Ni ba na gani sosai, amma kunnena ƙalau. Ku ɗaga mini shi da igiya, kar ya taɓa ƙasa." Aka zura igiya aka ɗaga. Ta ce a ba ta sifana. Iyayenmu mata da ke bayan labule sun riga sun gane abin da za ta yi. Mace ba ta sayen tukunyar ƙasa sai ta ƙwanƙwasa ta ji. Lafiyayya tana amsawa da ƙara mai tsawo, mai tsaga kuwa muryarta a mace take. Inna Kuluwa ta ƙwanƙwasa sau ɗaya, ta karkata kai. Ta sake. Abin ya ce ƙwaf, ya yi shiru. Ta miƙa sifanar ta ce, "Shekara hamsin ina sayen tukwane. Wannan ko kyauta aka ba ni ba zan ɗora a murhu ba."

Kuna tsammani ya ƙare? Ina! Alhaji ya juyo ya kafe Lurwanu da ido. "To na yarda, ya tsage. Saura a gaya mini wanda ya tsaga shi."

Tsohuwar ta ce, "Au, tambaya kake? Ran da ka kai ni asibitin ido, satin da ka sayi motar, wa ya faɗa ramin bakin kwalbati da gudu? Har kaina ya bugi rufi, carbina ya tsinke. Ta wane gefe ne? Ba gefen da nake ba ne? Ka tsaya ka leƙa ka ce ba abin da ya faru, ka ce kar in faɗa wa kowa, kar a ce Alhaji bai iya tuƙi ba. Na yi shiru don rufin asirinka. Ban san shirun nawa wani ne zai biya shi da abincin 'ya'yansa ba."

Jama'a, Alhaji Hudu ba ƙarya yake yi ba da ya ce bai san wanda ya tsaga ba. Wallahi mantawa ya yi. Ya zargi mai faci, ya zargi mai sayar da rim, ya tauna goro ya kafa tarko, ya wuni a taga, amma ko sau ɗaya bai ce bari in tuna abin da ni na yi da motar nan ba. Ya tsaya a gaban maƙwabtansa, ya dubi yaransa uku da suke leƙowa ta gilashi, ya dubi ƙarfen, ya zauna a bakin dakali. Lurwanu kuwa ya koma kan aikinsa. Ya buɗe bayan mota ya ciro safeya, ya ɗaura, ya bi notunan ɗaya bayan ɗaya ya ɗaure, ya ce, "Iya, Allah ya kiyaye hanya." Ya saɓa jak ɗinsa ya tafi.

Alhaji ya yi abin da ya kamata, ba zan rage masa ba. Da ya dawo ya je lungun da kansa, ya nemi gafara, Lurwanu ya ce ya yafe tun ran da abin ya faru. Ya mayar da shi gindin darbejiya. Ya miƙe a masallacin unguwa bayan sallar azahar ya ce shi ne mai laifi, Lurwanu mai gaskiya ne. Amma mutum nawa ne a masallacin ran nan? Sahu biyu. Maganar farko kuwa ta riga ta hau motocin tasha, ta sauka a garuruwan da Alhaji bai taɓa zuwa ba. Masu kai labarin kora sun yi ta kaiwa da daɗi, labarin wankewa ba wanda ya ɗauka. Lurwanu ya ƙara shekara goma sha ɗaya a wurin, ciniki bai taɓa komawa yadda yake ba. Wanda ya ba ni labarin nan yana cikin waɗanda suka ɗauki gawarsa. Ya ce suna cikin tafiya maƙabarta, wani a bayansa ya tambaya wa ya rasu, aka gaya masa, sai ya ce, "Allah sarki. Ba shi ne wanda aka ce yana sace wa mutane iska ba?" Alhaji Hudu yana gefe, da kunnensa ya ji.

To, ga abin da nake so ku tafi da shi, ba zan ɓoye shi a cikin zance ba. Na farko, in gaskiya za ta jawo maka asara, ƙarya kuma za ta wanke ka, ka riƙe gaskiya. Kai makanike, kai tela, kai mai maganin da ka san ciwon ya fi ƙarfinka amma kake ba da abin da zai kwantar da zafi don kar a tafi wurin wani, duk aikin da kuka rufe aibinsa don a yabe ku, akwai ran da zai buɗe a kan wanda bai san komai ba, kuma za a tambaye ku.

Na biyu, shi ya fi damuna. Mummunan zato zunubi ne, kuma mu mun mayar da shi wayo. Muna alfahari da shi, wai mu ba a cutarmu. Abu ya ɓace a gida, kafin ka laluba aljihunka ka riga ka ambaci sunan mai aiki. Kasuwa ta tsaya, ka ce maƙwabci ne ya yi maka asiri. Kullum mai ƙaramin ƙarfi ne a bakinmu, don shi ba zai iya rama ba. Kafin ka tuhumi kowa, fara da kanka. In ba ka gani da idonka ba, rufe bakinka, don abin da ka faɗa a minti ɗaya ba za ka iya bin sa gida gida ka karɓo ba, ko da ka tuba, ko da an yafe maka.

Na san a cikin masallacin nan akwai wanda tun ɗazu wani suna yake yawo a zuciyarsa, wani da ya taɓa faɗa wa magana ba tare da hujja ba. Ban ce ka ɗaga hannu ba. In mutumin yana raye, ka je yau, ka faɗa a gaban waɗanda ka faɗi ta farko, ka kuma roƙe su su kai ta inda suka kai waccan. Kar ka jira ka ji maganarka a bakin wani a hanyar maƙabarta. Allah ya tsare harsunanmu daga mutuncin bayinsa, ya gafarta mana abin da muka riga muka faɗa. Ku tashi, an kusa kiran sallah.